Tarar Hanya da Ciwon Alfarma

Jama'a, yau muna so mu yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, watau rayukan da ke salwanta a kan hanyoyin ƙasar nan, da yadda a ke hukunta masu laifin tuƙi, ko kuwa mu ce yadda a ke sakinsu ba hukunci. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ba da labari cewa mutum 5,081 suka rasu ta haɗarin mota cikin shekarar 2023, cikin 2024 kuwa mutum 5,421. Kowane malami ya ɗauki alli ya raba wannan adadi bisa kwanakin shekara, zai ga kusan mutum 15 ke nan kowace rana ta Allah. Waɗannan fa su ne waɗanda labarinsu ya kai ofis. Wanda babur ya banke a ƙauye, aka kai shi gida ya cika da dare, gari ya waye aka yi masa sutura, ba shi cikin littafin kowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, cikin rahotonta na 2023, ta ce haɗarin hanya yana kashe mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 a duniya kowace shekara, kuma babu abin da ya fi shi kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Ku dubi waɗannan shekaru da kyau. Su ne 'yan firamarenmu da 'yan sakandarenmu, da ɗaliban da mu ke horaswa a kwalejojin malamai, da sababbin ma'aikata waɗanda iyayensu ba su daɗe da fara cin guminsu ba. Rahoton ya nuna in aka gwada da yawan jama'a, babu nahiyar da mutuwar hanya ta kai ta Afirka, alhali kuwa motocinmu ba su taka kara sun karya ba in aka jera su da na Turai ko Amurka.

Ba mu manta da Majiya ta Jihar Jigawa ba, inda tankar mai ta faɗi ta kama da wuta ran 15 ga watan Oktoba 2024, mutum fiye da 150 suka halaka. Bayan wata uku irin wannan ta auku a mararrabar Dikko ta Jihar Neja, aka rasa fiye da 80. A ƙarshen watan Mayu 2025 motar 'yan wasan Kano da ke komowa daga gasar ƙasa ta Jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a kan hanyar Zariya zuwa Kano, saura ƙiris su iso gida, fiye da 20 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu. Binciken abin da ya jawo kowanne daga cikin waɗannan aikin Hukuma ne. Abin da mu ke so a lura da shi, shi ne halinmu bayan kowace masifa. A yi ta'aziyya, a kwana bakwai ana jimami, sa'an nan kowa ya koma tasha ya shiga motar da aka yi wa lodin da ya fi na jiya.

To, ko rashin doka ne ya jawo mana wannan? Ko kusa. Tun 1977 Jihar Oyo ta kafa rundunar kiyaye haɗurra, a 1988 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko. A 2007 Majalisa ta yi mata sabuwar doka, da jerin laifuffuka da tarar kowanne. Ƙa'idar hanya ta ce ƙaramar mota kada ta wuce kilomita 50 a sa'a cikin gari, 80 a kan babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanya, tanka da tirela kuwa iyakarsu 60 ko a kan tagwayen hanya. An tilasta ɗaura bel tun 2003, hular kwano ga masu babur tun 2009, na'urar taƙaita gudu ga motocin haya tun 2017. Jihohi ma sun kafa nasu, kamar KAROTA a Kano da KASTLEA a Kaduna. In dokar takarda ce ke hana mutuwa, da tuni mun huta.

Kada kuma wani ya ce mutanenmu ne ba su jin doka. Ran 2 ga watan Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma hannun dama. Dattawa suna tune da yadda aka yi ta shela a rediyo da jaridu da tashoshin mota kafin ranar. Da ranar ta zo, direban da ya yi shekara ashirin yana bin hagu ya koma dama, mai ilimi da wanda bai taɓa shiga aji ba, mai sarauta da talaka. Me ya sa wannan doka ta zauna daram? Domin an yi wa mutane bayani sun gane, kuma babu wanda ya isa a yi masa alfarma ya ci gaba da bin hagu. Kowa ya san wanda ya saɓa, sakamakonsa yana tafe a kwanar farko, ba ya kuwa tambayar ɗan wane ne. A nan darasin ya ke. Doka tana aiki ne sa'ad da mai laifi ya tabbata hukunci zai same shi, ya kuma tabbata zai sami wanda ya fi shi in ya yi irin laifinsa.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1764 wani masanin shari'a na ƙasar Italiya, Cesare Beccaria, ya rubuta littafi a kan laifi da horo, inda ya nuna tabbacin hukunci ya fi tsananinsa hana laifi, masu bincike na bayansa kuma sun yi ta samun haka. Malamin makaranta ma bai bukaci littafi ya gaya masa ba. Ajin da malami ke barazanar bulala goma sha biyu kullum, amma yau ya yi gobe ya manta, jibi ya ƙyale ɗan hedimasta, ya fi kowane aji hayaniya. Wanda malaminsa ya ce duk wanda ya makara zai yi shara, ya kuwa cika a kan kowa ba fashi, kafin wata guda makara ta ƙare. Direba ma haka ya ke lissafi. Ba ya tambayar nawa doka ta ce. Abin da ya ke tambaya, za a kama ni? In an kama ni, akwai mafita?

Gaskiya ne tarar da dokar 2007 ta yanka ta zama abin dariya. Ta sa naira 3,000 ga mai gudun wuce sa'a, 2,000 ga wanda bai ɗaura bel ba, 4,000 ga mai waya yana tuƙi, 10,000 ga mai lodin wuce kima, 50,000 ga mai tuƙin ganganci. A 2007 litar man fetur wajen naira 70 ce, watau tarar gudu kuɗin lita 40 ce da ɗoriya. A ƙarshen 2024 lita ta kai naira 1,000, tarar nan ta koma kuɗin lita 3. Saboda haka masu cewa a ƙara tara suna da hujja, mu ma muna tare da su. Amma muna jan kunne. In aka ƙara tara ba a toshe ƙofar baya ba, abin da aka ƙara shi ne farashin ƙofar bayan. Direban da ke miƙa 'yar takarda guda don ya kuɓuta daga tarar 3,000 zai miƙa biyar don ya kuɓuta daga ta 50,000, ya fanshe a jikin fasinja ta hanyar ƙara mutum guda a kujerar gaba. Baitulmali bai samu ba, hanya ba ta gyaru ba, lodi kuma ya ƙaru.

Ƙofar bayan nan iri biyu ce. Ta farko kowa ya san ta, kowa yana tsine mata, watau na goro. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya ya ga yadda direba ke ninke takardar kuɗi a tafin hannu in ya hango shinge, ya rage gudu, hannu ya gaisa da hannu, mota ta wuce da tayarta mai sanƙo da fasinja biyu a kujerar mutum guda. Mu fasinjoji kuwa mu yi tsit, wani ma ya ji haushi in an tsai da motar an ce za a duba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai karɓa ya sayar da amanar da aka ba shi, mai bayarwa ya sayi izinin jefa rayukan mutane cikin haɗari, mu da muka yi shiru kuma mun zama shaidun ciniki.

Ƙofa ta biyu ita ce dalilin wannan rubutu, domin mabuɗinta yana hannunmu, mu ma'aikata da malamai masu karanta wannan jarida. Sunanta alfarma. Direban ƙauye ba shi da lambar wayar kowa. Mu ne mu ke da ita. Mu ne muka yi aji ɗaya da shugaban ofishin, mu ne muka koyar da jami'in da ya yi kamen, mu ne surukan magatakardan kotu. In aka kama ƙanen wani ko direban wani, kafin a rubuta takarda waya ta yi ƙara, a ce, Ranka ya daɗe, yaron nan namu ne, a yi haƙuri. Ba kuɗi aka bayar ba, don haka mai yin wayar ya kwanta da zuciya fara, yana ganin zumunci ya yi.

Mai wannan rubutu ba zai tsame kansa ba. Wata shekara wani dattijo maƙwabcinmu ya zo da sassafe, ya ce an kama motar ɗansa da lodin wuce kima, ga shi kuma lasin ya ƙare. Jami'in da abin ke hannunsa tsohon ɗalibinmu ne. Muka yi masa magana, ya ce, To, Malam, tun da kai ne. Kafin azahar mota ta fito. Bayan kwana biyu muka gamu da motar nan a kan hanya, buhuna a sama, mutane a kan buhunan, yara biyu sun maƙale a baya. Ba mu ji ta yi haɗari ba, alhamdu lillahi. Amma tun daga ranar mu ke tambayar kanmu, da ta kife da mutanen nan, a cikin masu alhaki ina sunanmu zai faɗa? Wani abin kunya kuma, yaron da muka koya wa riƙon amana a aji, mu ne muka fara koya masa sakinta a wurin aiki.

Ɓarnar alfarma ta fi ta na goro nisa. Jami'in da ya kama mota da gaskiya, aka kira shi daga sama aka ce ya saki, ya koyi cewa gaskiyarsa ba ta da amfani. Gobe in ya kama wani, zai ce gara ya karɓi rabonsa kafin waya ta zo. Direban da ba shi da kowa kuma, da ya ga an saki na gabansa shi an riƙe shi, zai ɗauka laifinsa rashin gata ne, ba zai taɓa yarda gudu ko lodi ne ba. Daga nan tara ta daina zama horo a idonsa, ta zama zalunci, wanda ke ganin an zalunce shi kuwa ba ya gyara hali, hanyar zillewa ya ke nema. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa masu wayar nan mu ne ke tsaga bangon.

Addini bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba. Malamai suna karantar da labarin wata mace 'yar babban gida ta Banu Makhzum da ta yi sata a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ƙuraishawa suka nemi Usama ɗan Zaidu ya yi mata ceto saboda kusancinsa. Manzon Allah bai karɓa ba, ya kuma yi wa jama'a gargaɗi cewa abin da ya halaka mutanen da, shi ne ƙyale mai daraja in ya yi laifi, da hukunta mai rauni. Mun sani tarar hanya ba haddi ba ce, amma illar da aka yi gargaɗi a kanta ita ce dai mu ke gani. Har wa yau, majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na ƙasar Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne, kuma hukuma tana da ikon horon mai saɓa musu. Shari'a ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, balle wanda ya san birkinsa ba ya ci ya ɗebi mutane. Mun yi imani da ƙaddara, amma ba a koya mana mu saki raƙumi sa'an nan mu ce mun yi tawakkali ba. 'Yan'uwanmu Kirista ma littafinsu ya hana alƙali duban fuska a wurin shari'a.

Manya kuma su ji. Talaka yana kallon jerin gwanon motoci masu jiniya suna aron hannu, suna keta danja, jami'in hanya yana sara musu. Yaya za a ce masa gobe ya tsaya a danjar nan? A ƙasar Finlan a kan auna tarar babban laifin gudu bisa samun mutum, don ta yi wa mai kuɗi zafi kamar yadda ta ke yi wa matalauci. A 2002 an rubuta wa wani babban ma'aikacin kamfanin Nokia tarar Yuro 116,000 saboda ya yi gudun kilomita 75 a inda aka ce 50. Da ya ga ta yi masa yawa, kotu ya tafi. A Ingila kowane laifi yana da maki da a ke rubutawa a kan lasin direba, wanda ya tara 12 cikin shekara uku a kan hana shi tuƙi wata shida. Dokarmu ma ta san maki, gudun wuce sa'a 3, tuƙin ganganci 10. Amfanin maki shi ne ba a biyansa da kuɗi, mai arziki ba zai zaro daga aljihu ya wuce ba. Amma maki ba ya aiki sai da rajista mai gaskiya, wadda ba a kankare suna daga cikinta, da kuma lasin da ba a saya ta bayan gida.

Adalci ne kuma mu saurari kukan direbobi, gama ba duka ne ƙarya ba. Suna cewa hukumomi sun yi yawa a kan hanya guda, kowace da takardarta. Suna cewa waɗansu jami'ai ɓuya su ke yi a bayan kwana su jira a yi laifi, maimakon su tsaya a fili su hana shi. Suna cewa a kan kama mutum a kan alamar da ta goge ko danjar da ta mutu. Duk inda aka mai da tara hanyar tara kuɗin shiga, aka ce wa jami'i ya kawo kaza a wata, to an ɓata ta, domin hukumar da ke ci daga laifi ba za ta so laifi ya ƙare ba. Ribar tara ita ce ranar da za a fita ba a sami wanda za a kama ba. Dole kuma mai kamen ya tsaya inda doka ta tsai da shi. A watan Oktoba 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa jami'an duba lafiyar motoci na Abuja ba su da ikon kama mota ko cin direba tara, domin babu dokar da ta ba su. Wanda zai tilasta wa wani bin doka, shi ya kamata ya fara binta. Haka nan jami'in da ke tsaye cikin rana yana da hakkin a biya shi albashinsa a kan kari, a kuma kare shi daga masu dukansa da masu bi ta kansa da mota.

Yanzu gare ku, malaman ofis, magadan malaman En'e. Dattawan da suka yi aikin En'e kafin gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi suna nan da rai, ku tambaye su. Ba mu ce zamaninsu ba shi da aibi ba, gama an yi kuka da 'yan doka ƙwarai kafin a haɗe su da 'yan sandan Nijeriya a ƙarshen shekarun 1960. Amma akwai wata tarbiyya da aka san malamin kotu da malamin baitulmali da ita. Tara ko ta sule guda ce sai an yanka rasit, a shigar a littafi, kuɗi ya tafi wurin ma'aji, mai binciken lissafi kuma ya zo ya gwada gindin rasit da abin da ke cikin akwati. Yau kwamfuta ta maye gurbin littafin, kuma tun 2015 kuɗin Gwamnatin Tarayya asusu guda su ke shiga, tarar Hukumar Kiyaye Haɗurra ma ta banki a ke biyanta, ba a hannun jami'i ba. Amma kwamfuta abin da aka shigar mata ta sani. Takardar da aka yaga kafin ta isa gare ta, da fayil ɗin da ya ɓace tsakanin tebur da tebur, da lasin da aka ba wanda bai taɓa zama gaban mai jarrabawa ba, duk ta hannun wani malami su ke bi. Wanda ya sa hannu a lasin makahon direba, da shi aka yi tuƙin.

Ku kuma malaman makaranta, aikinku shi ne bayani, domin dokar da ba a gane dalilinta ba wasa a ke yi da ita. Da aka tilasta hular kwano a watan Janairu 2009, an kama 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya a ka. Duniya ta yi dariya, amma abin na tausayi ne, gama ya nuna sun ɗauka hular don jami'i a ke sa ta, ba su san don ƙoƙon kansu ba ne. Ku kai wannan magana cikin darasin lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Direban da ya dubi wayarsa daƙiƙa biyu ya yi tafiyar fiye da rabin filin ƙwallo ido rufe. In aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya ya ninku sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin kashi 1 cikin 100 na gudu yana ƙara haɗarin da ke kisa da kashi 4, mai waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari wajen sau huɗu, bel kuma yana rage mutuwar na cikin mota da kusan rabi. Yaron da ya auna mita 28 da ƙafarsa a filin makaranta ba zai manta ba ran da ya kama sitiyari. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Amma ku sani yara suna kallon malamin da ya zo makaranta da 'ya'ya huɗu a kan babur guda, abin da suka gani kuwa ya fi abin da aka rubuta a allo zama a ransu.

Ga shawararmu ga Gwamnati. A gyara adadin tara ya dace da zamani, a riƙa duba shi bayan 'yan shekaru. A buga jerin laifuffuka da tararsu da Hausa da sauran harsuna, boko da ajami, a manna a kowace tasha, don kada a cuci wanda bai sani ba. A sauƙaƙa biya, yadda mutum zai biya ta wayarsa ya karɓi rasit nan take, gama yinin da a ke ɓatawa tsakanin ofis da banki shi ke tura mutane ga na goro. Duk takardar laifin da aka rubuta kada wani ya soke ta sai kotu, wanda ya soke kuma a rubuta sunansa da dalilinsa. A yawaita kotun tafi-da-gidanka, musamman lokacin Salla da Kirsimeti, don wanda ke ganin an zalunce shi ya sami alƙali a kusa. A tsai da lodin wuce kima tun daga tasha, a kama shugabannin tasha da mai mota tare da direba, domin mai motar da ya yanka wa direba kuɗin da ba za su samu ba sai da gudu da lodi, shi ma yana da hannu. Kowace hukuma kuma a auna ta da yawan rayukan da suka tsira a yankinta, a bar auna ta da kuɗin da ta kawo.

Wannan na Gwamnati ne, yana iya ɗaukar lokaci. Namu kuwa ba ya jiran Majalisa. Ran da maƙwabci ko ɗan'uwa ya zo ya ce a yi masa waya, mu zaunar da shi mu ba shi ruwa, mu ce masa, Baba, wayar nan ba za mu yi ba, amma in kuɗin tarar ne babu, ga gudummawarmu, mu je a biya a karɓo rasit, a kuma gyara motar. Zai ji haushi, watakila ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwa da sakin fuska. Haushinsa ya fi sauƙi a kan zaman makokin da ba mu san gidan wa zai faɗa ba, gama motar da muka sa aka saki yau, ba mu san ko ɗanmu ne zai shige ta gobe ba. In mun shiga mota direba ya fara gudu, mu buɗe baki mu yi magana, ko da sauran fasinja za su ce mun cika tsoro. In mu aka kama da laifi, mu ajiye katin aiki a aljihu mu karɓi takardarmu kamar kowa. In kuma mun tarar da haɗari, mu kira lamba 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, mu kori yara daga tankar da ta faɗi.

Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mun faɗi wannan ne domin mu ma'aikata da malamai mu ne jama'a ke kallo, abin da muka halatta wa kanmu shi za su ɗauka halal ne. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan hanya, ya ba masu jinya lafiya, ya ba shugabanninmu ikon tsai da gaskiya a kan kowa. Matafiya kuma Allah ya kai kowa gidansa lafiya, amin.